Mai Ɗaki da Magini

Kafin ruwan farko ya sauka a ƙasar Illela, magina ba su da hutu. Duk mai soron ƙasa yana neman a hau masa a yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara bakin indararo. Gwanin magini kuwa ba ya fara hawa sama. Sallama yake yi, a ba shi izini ya shiga ɗakin, ya tambayi mai kwana a ciki: "Inna, bara ina yake ɗiga?" Ta nuna masa kusurwar da take ajiye kwano in hadari ya haɗu, da tabon da ruwa ya bari a bango. Sannan ya hau. Sau da yawa ba saitin inda ta nuna yake samun ɓarakar ba, domin ruwa yakan shiga ta wata tsaga can gefe, ya bi jikin azara ya gangaro, ya ɗiga a wani wurin. Maganarta ce ta gaya masa azarar da zai bi, iliminsa ne ya gano mashigar ruwan. Wanda bai tambaya ba zai shafe soron kaf da laka mai kyau, a biya shi, daren ruwan farko kuma shimfiɗa ta jiƙe.

Kowa ya san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna faɗin haka a kan aure, a kan kasuwa, a kan mulki. Mutum ɗaya ne muka hana shi wannan shaida: wanda ya samu taɓin hankali.

Hanyar da ake bi da shi a nan sananniya ce. A fara da rubutu da ruƙiyya, a je wurin mai maganin gargajiya, a leƙa kemis a sayo abin sa barci. In abin ya gagara, a ɗauki shatar mota a bi ta Gwadabawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, tafiyar fiye da kilomita 50. A duk zangon nan da waninsa ake magana. Yana zaune, amma yayansa ake tambaya: "Mi yas same shi? Yana barci? Yana cin abinci?" A rubuta takarda a miƙa wa yayan. Ba mugunta ba ce. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa 300, layi kuwa dogo ne. Amma abin da ke sa mutum ya ci gaba da shan magani ko ya watsar, a bakinsa yake, ba a bakin yayansa ba.

Da za a tambaye shi, da abin da zai fara faɗa shi ne yadda maganin yake masa a jiki. Tsofaffin magunguna masu araha, irin su haloperidol da chlorpromazine da allurar wata-wata, suna kwantar da ciwon ƙwarai, amma sukan sandarar da wuya, su sa hannu rawa, miyau ya riƙa dalala, harshe ya yi nauyi, barci ya danne mutum har hantsi. Tela da hannunsa ke karkarwa ba ya iya zura zare. Dillalin kara da harshensa ya yi nauyi ya rasa ciniki. 'Yan gida suna murna ya yi shiru, shi kuwa yana ganin an karɓe masa sana'a. Sai ya daina sha a ɓoye, ciwo ya dawo, a ce ya cika taurin kai. Alhali gyaran sau da yawa ɗan kaɗan ne: a rage yawan maganin, a mai da shi na dare, ko a canza wani. Akwai ma ƙwayar da ke sassauta wannan sandarewa, benzhexol, wadda matasa suka mai da kayan maye da sunan Exol. Saboda haka mai larurar da ya je nemanta da takardar likita a hannu yakan sha kallon ɗan ƙwaya. Wannan wulaƙanci ba ya shiga fayil ɗin kowa.

Zai kuma yi maganar rana. Lahadi ce kasuwar Illela, kuma a ranar motoci da babura ke fitowa daga ƙauyuka irin su Kalmalo da Araba, a ranar kuɗi ke shiga aljihu. Da za a sa duba masu wannan larura da ba da allura su dace da ranar kasuwa, a nan cikin gari, da kuɗin mota ɗaya ya biya bukata biyu, kuma ba wanda zai tambayi mutum ina za shi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da aka ji an kai ta Kware, ko ta warke sarai, maganar takan biyo ta har ranar da aka zo neman aurenta. Ɗaki daban mai allo a ƙofa yana tona asirin duk wanda ya shiga. Layi ɗaya da masu hawan jini da ciwon suga yana rufa shi. Tun 1991 manufar gwamnatin tarayya ta ce a sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci na matakin farko. Yadda za a sa ta ba tare da an kunyata mutane ba, masu zuwa karɓar maganin ne suka sani.

Ga kuma iyaka. Illela da Birnin Ƙonni ta Nijar harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma takardar magani a can Faransanci ce, a nan Turanci, sunan ƙwaya ɗaya yakan bambanta. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa, kuma asara ce ta gaske. Wanda ke ƙetarowa don allurarsa, shi ma rufewar ta shafe shi, kuma tsallake wata biyu ya isa ya mai da shi inda ya fito.

Sai mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka ga irinsa a Daura. Mun girgiza kai. Amma sarƙar da ke bayan ɗaki a gidajenmu, wadda uba ya ɗaura yana hawaye don ba shi da wata dabara, ba ta fito a labarai ba. Waɗanda suka taɓa zama a cikinta suka warke suna nan cikinmu, suna noma, suna sallah a sahu ɗaya da mu. Ba wanda ya fi su sanin me ya kamata a yi a daren da ciwo ya tashi.

Za a ce wanda hankalinsa ya gushe ba a shawara da shi. Gaskiya ne akwai ranar da ba zai iya ba. Sai dai yawancin waɗannan cututtuka zuwa suke su lafa, kuma watannin lafiya sun fi kwanakin tashin ciwo yawa ga wanda ke kan magani. A lokacin lafiyar ake tambayarsa: in ya dawo, wa za a kira, wane magani ya taɓa cutar da kai, wa ba ka so ya sani? A rubuta, a ajiye. Wannan bai rage wa likita komai ba. Sanin cutar da auna magani nasa ne, kuma mai larura da ya ce shi ne likitan kansa ya shiga hatsari.

Jawo mai larura cikin jama'a da cikin shawara ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa guda, su zo a duba su da rana su koma cikin jama'a, har yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman kuma ita kanta take rayuwa da larurar, ta tsaya gaban 'yan majalisar tarayya ta yi magana a kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu, ta maye gurbin ta 1958 wadda ta gaji ruhin mulkin mallaka na kamawa da tsarewa. Sabuwar ta hana ɗaure mutum da sarƙa, ta ba shi hakkin sa baki a tsarin jinyarsa.

Dokar Abuja ba za ta kai kanta zauren mai unguwa ba. Abin da Illela ke bukata 'yan ƙa'idoji ne da ba su cika shafi ɗaya ba, da Hausa, a boko da ajami, waɗanda ma'aikacin asibiti da malamin ruƙiyya da mai kemis da hakimi da iyaye za su amince da su gaba ɗaya, don kada wannan ya ce sha, wancan ya ce zubar. A wurin tsara su, masu larurar su zauna tun farko, da yawansu, kada a kawo mutum ɗaya ranar rufe taro ya yi godiya. A biya su kuɗin mota kamar kowa.

Matan kuma ba za su zo zauren ba, kuma cikinsu akwai masu larurar da yawa: wadda hankalinta ya juya bayan haihuwa, wadda ta gudo daga ƙauyukan gabashin jiharmu bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gabanta, ta daina barci. Sai an tura musu mace, ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya, ta shiga har ɗaki, ta zauna ba tare da miji ko uwar miji a wurin ba, ta rubuto abin da suka ce yadda suka faɗe shi.