Gargaɗi Ga Masu Saran Kurmi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai sara a kurmi, tsaya ka ji ni,
Tafkin da muke sha ya cika da laka.
Hanyar da ka keta domin gungume,
Ta zan kwazazzabo in an yi marka.
Kai mai sayen katako da araha,
Kar ka ce zunubin nan ba naka.

Sharhi: Ya ɗan'uwana, ka sani abin da nake nufi da tafki shi ne madatsar Barekese a kan kogin Ofin, wadda mafi yawan ruwan famfon Kumasi daga gare ta yake, har ruwan alwalarmu a Zango. Itace yana riƙe ƙasa da saiwarsa, ganyensa yana karya ƙarfin ruwan sama. To, a ganina ɓarnar hanya ta fi ta saran. Katafila ta kankare ƙasa, motocin gungume su danne ta har ta ƙi shan ruwa, sai ruwa ya bi sawun taya da gudu, ya kwashi jar ƙasa ya zuba a kogi, laka ta kwanta a madatsa ta cinye wurin ruwa.

Amma baiti na uku, mu nake nufi, 'yan kasuwa da kafintoci. Tun 1998 hukumar Gana ta hana sayar da katakon da aka tsaga da zarton inji a daji. Ni dai ba na ɗora irinsa a rufin masallaci, ko da kyauta aka kawo shi.