Mai Olsa da Azumi: Ina Tawakkali Yake?

Duk shekara idan watan azumi ya kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisarmu ta Surko: mai olsa da ya sha azumi, imaninsa ne ya yi rauni? Ni dai ina ganin a'a. Allah da Ya wajabta azumi, Shi ne Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya. Jiki amana ne, neman magani kuma ba ya kore tawakkali.

Sai dai magani ma yana da nasa haƙƙin. Na ga wani dattijo ya haɗa omeprazole da diclofenac a tafin hannu, ya kora da ruwan kanwa, alhali diclofenac ɗin ne ke ƙara cin bangon ciki. Omeprazole rage ruwan tsamin ciki yake yi. Haɗiye shi ake yi ba tare da an tauna ba, kamar rabin awa kafin sahur. Shi kaɗai ba ya kashe ƙwayar H. pylori mai haddasa olsa, sai likita ya gwada ya haɗa da wasu magunguna.

Duk wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi wuluk, kada ya jira buɗa-baki, ya nufi asibitin tarayya na Birnin Kudu. 'Yan'uwa, mu tambayi malami hukunci, mu tambayi likita magani. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.