Ciyawar da Goggo Ta Hana a Cire

A bayan gidanmu akwai ɗan fili da bai wuce taku goma sha biyu ba. Da ruwa ya zauna bana, na zuba masa takin awaki da tokar murhu, na shuka kuɓewa da yakuwa da rami uku na kabewa. Kafin mako uku wurin ya yi kore shar, sai dai rabin abin da ya tsiro ba ni na shuka shi ba. Na ɗauko fartanya ke nan sai ga goggona, wadda ta zo mana daga ƙauye, ta tsaya a kaina.

"Kai ɗan nan, me za ka yi?"

"Ciyawa zan cire, Goggo."

"Wace ciyawa? Wannan ai tafasa ce. Ga lalo, ga gasaya can gindin katanga. Miyar mako guda za ka kwasa ka kai bola?"

Ta duƙa ta tsinko ɗanyun ganye cike da ƙwarya. Da la'asar ta dafa tafasar, ta matse ruwan, ta kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli da albasa da yaji da ɗan man gyaɗa. Yarana, waɗanda ba su taɓa jin sunan tafasa ba, suka cinye har suna neman ƙari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da waɗannan ganyaye suke fitowa. A watan Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Daidai nan ne tafasa da lalo da gasaya suke tsirowa da kansu a gefen gona da bakin hanya, ba wanda ya sayi irinsu, ba wanda ya yi musu ban-ruwa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa tukunyar damina ganye ya fi yawa a cikinta. A yunwar 2005 a Nijar, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango na 2004, matan karkarar Maraɗi da Tawa da Damagaram daji suka shiga suna tsinkar ganye da 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Ganye bai maye gurbin hatsi ba, tamowa ta kashe yara da yawa, amma ya riƙe gidaje masu yawa har kaka ta yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a kullum. In aka faɗi haka, da yawanmu kabeji da latas da tuffa muke hangowa, sai mu ce wannan na masu hali ne. Alhali koren ganye irin lalo da zogale da rama yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shi kuma wannan bitamin sai da maiƙo hanji yake tsotse shi sosai, wanda ke nufin ƙuli-ƙuli da man gyaɗan da ke cikin kwaɗo aiki suke yi bayan daɗi. Wuri ɗaya na saɓa da Goggo, kanwa. Tana sa ganye ya yi laushi da wuri, amma ita da doguwar dahuwa suna lalata wasu bitamin, don haka na roƙe ta a rage.

Abin da ke damuna shi ne maganin feshi. Ban ga laifin manomi ba, kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinsa, maganin kashe ciyawa kuwa yana yi masa noman kwana uku a safiya ɗaya. Amma maganin bai san tafasa ba, bai san ƙiri-ƙiri ba, duk ƙonewa suke yi. Abin da ya tsira a gefen gonar kuma shi mata ke tsinka washegari, ba tare da sun san an yi feshi ba. Maganin paraquat, wanda ya daɗe a kasuwanninmu, tun 2007 aka hana amfani da shi a Tarayyar Turai saboda haɗarinsa ga mutum. Na ƙara ganin darajar ɗan filina, domin na san duk abin da ya shiga ƙasarsa.

Kafin Goggo ta koma, ta shanya lalo da kuɓewa a inuwar zaure, ba a rana ba, ta ce haka korensu yake zama. Suna nan a tulu sai bazara, lokacin da ɗanye zai yi wuya. Kabewa kuma ta fara yaɗo, muna jiran miyar taushe da kaka.

Idan kana da fili komai ƙanƙantarsa, kafin ka sa masa fartanya, kira wata dattijuwa ta duba maka shi, ka tsayar da yaranka kusa da ita. Ita za ta nuna musu na ci, ta kuma nuna musu zaƙami, wanda yake tsirowa a irin wuraren nan kuma guba ne.