Shaiɗan Ba Ya Jin Harsashi: Faɗakarwa a Kan Finafinan Yaƙin Iblis da Tashin Duniya

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da ya keɓanta da sanin gaibu, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wani nau'i na finafinan Amurka da ya daɗe yana yawo a hannun ƴaƴanmu, tun zamanin da ake biyan dala biyar a shiga gidan bidiyo a kalli kaset, har zuwa yau da ake zuba su cikin salula a kalla a fada ana shan shayi. Su ne finafinan da ake nuna wani jarumi ɗan Adam ya ɗauki bindiga ya fita yaƙar Iblis, domin ya hana duniya tashi. Da yawa daga cikin iyaye suna ɗaukarsu wasan harbe-harbe irin na kullum. To, harbin da ke cikinsu shi ne mafi ƙarancin sharrinsu, domin waɗannan finafinai suna magana ne a kan Allah, da mala'iku, da ranar ƙarshe, wato rabin rukunan imani shida.

A shekarar 1999 aka fitar da wani mai suna End of Days. Jaruminsa shi ne Arnold Schwarzenegger, wanda samarinmu suka fi sani da Kwamando. Labarin ya ce wai Shaiɗan ya shiga jikin wani attajiri a birnin Niyok, yana neman wata budurwa da zai haihu da ita kafin ƙarfe goma sha biyu na daren 31 ga Disamba 1999. Idan ya samu, duniya ta zama tasa, idan sa'ar ta wuce, sai ya jira wasu shekaru dubu. Masu labarin sun juya lambar 666 da ke cikin littafin Kirista ta koma 999 don ta dace da shekarar. Wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin zai tuna cewa wannan dare ya faɗo mana cikin goman ƙarshe na Ramadan na 1420, watan da hadisi ingantacce ya ba da labarin ana ɗaure shaiɗanu a cikinsa. Kuma tsakar daren Niyok ƙarfe shida ne na safe a Maraɗi da Damagaram. Mun riga mun yi sahur. Ashe alƙiyamar tasu agogon gari guda take bi.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce tatsuniya ce. Amma a 2005 an fitar da Constantine, inda aka nuna wanda suke kira Gabriel, wato Jibrilu, ya haɗa baki da ɗan Iblis don a buɗe wa mutane ƙofar azaba. A 2010 kuma aka yi Legion: wai Allah ya yanke ƙauna daga ƴan Adam, ya aiko mala'iku su hallaka su, sai Mika'ilu ya ƙi bin umarni, ya yanke fukafukansa, ya ɗebi bindigogi ya tsaya yana kare wata mai ciki a wani gidan abinci cikin hamada. A ƙarshen labarin sai ya zamana mala'ikan da ya yi tawaye shi ne ya dace. Tsarki ya tabbata ga Allah daga abin da suke siffantawa!

Ya ku bayin Allah, ku dubi girman wannan ƙage. Allah ya siffanta mala'ikun da ke tsaron wuta a aya ta 6 ta Suratut Tahrim da cewa ba su saɓa masa cikin abin da ya umarce su. A Suratul Anbiya'i, aya ta 26 da ta 27, ya kira mala'iku bayi ababen girmamawa waɗanda ba su gabatarsa da magana. Jibrilu kuwa shi ne amintaccen wahayi, ta hannunsa Alƙur'ani ya sauko a zuciyar Manzon Allah (S.A.W.) cikin shekaru 23. A Suratul Baƙara, aya ta 97 da ta 98, Allah ya ambaci Jibrilu da Mika'ilu da sunayensu, ya sanya gaba da su a cikin kafirci. Yaron da bai gama haddar izu biyu ba, idan hoton farko da ya zauna a ransa na Jibrilu hoton maci amana ne, da wace zuciya zai karɓi abin da Jibrilu ya zo da shi? Abin ya fi muni idan an mai da fim ɗin Hausa, domin mai fassara ba ya da wasu kalmomi sai namu: Mala'ika, Aljanna, Jahannama, Ubangiji. Sai ƙarya ta shigo sanye da rigar karatun allo.

A nan wajibi ne a yi adalci. Kada wani ya fita daga masallaci ya ce wannan shi ne addinin maƙwabtanmu Kirista. Masu shirya waɗannan finafinai ƴan kasuwa ne, sun tsinci sunaye daga littattafan addini sun gina abin da zai sayu. Linjilar da ke hannun Kirista ita kanta tana koyar da cewa ba mutum ko mala'ika da ya san ranar ƙarshe. Abin da suka ɗauko da gaske daga can shi ne cewa Shaiɗan mala'ika ne da ya faɗi. Mu kuwa aya ta 50 ta Suratul Kahfi ta bayyana mana cewa Iblis daga aljannu yake. Ɗalibai sun san Imamuɗ Ɗabari ya kawo saɓanin magabata a wannan mas'ala, amma ko waɗanda suka lissafa shi cikin mala'iku ba wanda ya ce yana da wata sarauta da ke gogayya da sarautar Allah.

Wannan ita ce ɓatar da ta fi ɓoyuwa. Finafinan suna nuna Allah da Iblis kamar sarakuna biyu masu ja-in-ja a kan ƙasa guda, kowa da rundunarsa, ba a san wanda zai rinjaya ba sai jarumi ya sa hannu. Alhali Iblis bawa ne korarre. Tsawon ransa ma roƙonsa ya yi aka ba shi, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf da Suratul Hijri. Allah ya siffanta kaidinsa da rauni a aya ta 76 ta Suratun Nisa'i. Kuma aya ta 22 ta Suratu Ibrahim ta ba mu labarin jawabin da zai yi wa mabiyansa ranar da aka gama hukunci, inda zai wanke hannunsa, ya shaida musu bai taɓa samun iko a kansu ba, kira kawai ya yi suka amsa.

Shi kuwa Iblis, babu abin da ya fi yi masa daɗi kamar a zana shi dodo mai ƙaho yana fitowa daga wuta. Wanda ke jiran dodo ba zai gane shi ba idan ya zo. Aya ta 27 ta Suratul A'araf ta sanar da mu cewa shi da jama'arsa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa yana gudana cikin ɗan Adam kamar gudanar jini. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa cikin rundunar da yake aikawa, wanda ya fi kusantarwa gare shi shi ne wanda ya raba miji da matarsa. Ku lura da kyau: sakin aure guda a wani lungu na Tawa ya fi faranta masa rai bisa rushe benaye. Yana nan a bakin mudun da aka tauye a kasuwa, da cikin annamimancin da ke shiga tsakanin kishiyoyi, da nauyin da ke danne saurayi a shimfiɗa lokacin asuba bayan ya kwana kallo. Wane harsashi zai same shi a waɗannan wurare?

Makaman da aka ba mu sanannu ne. Abu Huraira (R.A.) yana tsaron abincin zakkar fid da kai, ya kama ɓarawo dare uku a jere, a na ukun ɓarawon ya fanshi kansa da koya masa karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, Annabi (S.A.W.) kuma ya tabbatar da maganar, ya sanar da shi cewa Shaiɗan ne. Bukhari ya kawo wannan. Kiran salla yana korarsa, haka ma gidan da ake karanta Suratul Baƙara ba ya zama a cikinsa. Hatta a End of Days ɗin, bindigogin ba su yi wa jarumin amfanin komai ba, sai da ya jefar da su ya roƙi taimako daga sama. Amma mai kallo ya riga ya sha sa'o'i biyu yana tafa wa harbi.

Game da tashin alƙiyama kuwa, Jibrilun da suka yi wa ƙage shi ne ya tambayi Annabi (S.A.W.) lokacinta a gaban sahabbai, aka amsa masa cewa wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Bayan 1999 sun sake yanka wata rana, 21 ga Disamba 2012, bisa lissafin kalandar mutanen Maya na dā, har aka yi mata fim tun 2009. Ranar ta faɗo Juma'a, muka yi salla muka koma gidajenmu. Alƙiyama tana da alamomi, Muslim ya ruwaito goma daga Huzaifa ɗan Asid, cikinsu akwai Dujal, da saukowar Annabi Isa (A.S.), da Yajuju da Majuju, da fitowar rana daga yamma. Amma babu jarumin da zai jinkirta ta da ƙiftawar ido, kuma ba Iblis ne zai kawo ta ba. Ita ce ma ƙarshen wa'adinsa. Garkuwar da aka koya mana daga fitinar Dujal ita ce haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, abin da yaro zai iya cikin mako guda.

Fim ɗin da ke siffanta Allah da gajiyawa, ko mala'ika da cin amana, bai halatta Musulmi ya zauna yana nishaɗi da shi ba, balle ya zuba wa wani cikin salula don ya karɓi kuɗi. Ƙwace waya da duka kaɗai ba ya fitar da hoton da ya riga ya shiga. Uba ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi wane ne Jibrilu, kuma daga me aka halicci Iblis, ya saurari amsar da kunnensa. Malaman makarantun allo da na madarasa su ma su yi wa ɗalibansu wannan tambaya kafin su wuce babin imani da mala'iku.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga sharrin Shaiɗan jefaffe da fitinar Dujal. Amin.