Sabon Direba Amana Ce a Hannunmu

Jama'a, mu ji tsoron Allah game da yaran da muke miƙa wa makullin mota. Yaro ya karɓo lasisi ranar Litinin, kafin Juma'a an sake shi a hanyar Kano zuwa Kaduna, ƙannensa cike da kujerar baya. Katin da ke aljihunsa bai shaida komai ba illa ya iya tayar da mota, ya murza sitiyari, ya gane alamomin hanya. Taya ba ta taɓa fashe masa yana cikin gudu ba. Fitilar tirela ba ta taɓa kashe masa ido da tsakar dare ba, balle ya san yadda kwalta ke santsi a ruwan farko na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Faransa ta ɗauki lamarin da gaske tun 2004. A can, kowane lasisi yana da maki 12 da ake zaftarewa idan an yi laifi, amma sabon direba da 6 yake farawa. Sai ya shekara 3 ba tare da laifi ba, ana ƙara masa 2 duk shekara, kafin nasa ya cika. A tsawon lokacin dole ya manna harafin A a bayan motarsa don kowa ya san sabon hannu ne. Babbar hanyar da wasu ke gudun kilomita 130 a awa, shi 110 aka yanka masa. Idan makin ya ƙare, lasisin ya mutu, sai ya sake zama jarrabawa. A Ingila ma, wanda ya tara makin laifi 6 cikin shekara 2 na farko, ƙwace lasisin ake yi.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku tambayi tsofaffin direbobin tasha. Yaron mota yakan shafe shekaru yana wanki, yana duba ruwa da baƙin mai, yana saka waigi a hawa, idonsa a kan hannun maigidansa. Ranar da za a fara ba shi tuƙi, a fili ne, motar babu kaya, maigida na gefe. Mu ne muka yi watsi da wannan tarbiyya, har wasunmu na biyan kuɗi a kawo wa ɗansu lasisi gida ba tare da an gwada shi ba. Wannan cin amana ne, kuma jinin da ya zuba a sanadiyyarsa sai an tambaye mu.

Iyaye, kada ku jira doka. Ku gindaya sharaɗi a gidajenku: shekarar farko babu tuƙin dare, babu doguwar tafiya sai da babba a gefe, babu cika mota da abokai, domin zugar abokai ce ke sa yaro ya take totur. Waya ta shiga aljihu, bel ya hau kafaɗa. Wasan mota a rakiyar amarya kuwa, masu unguwanni da limamai su tashi tsaye a kansa. Masu motocin haya da shugabannin tasha, kada ku danƙa wa wanda lasisinsa bai shekara ba bas cike da fasinja. Ku ajiye shi a gajeren zango cikin gari, tsohon direba na lura da shi, har ya ga damina ya ga hazon hunturu.