Ciyarwa Kaɗai Ta Sauke Haƙƙin Iyali?

Tambayar wannan mako ita ce: mutumin da ya cika wa iyalinsa rumbu, ya yi musu sutura, ya biya kuɗin makaranta, amma mako ya kewayo bai zauna da su ko na sa'a guda ba, shin ya sauke nauyin da Allah ya ɗora masa?

Wanda yake son ganin inda wannan tambaya ta yi tsanani sai ya dubi Dawanau, a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, kan hanyar Kano zuwa Katsina. A nan ne babbar kasuwar hatsi take, wadda ta kafu a shekarun 1980, har ta zama mahaɗar fataken gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo daga Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Magidanta daga ƙauyukan kewaye suna dugunzumowa tun da sanyin safiya, wani dillali, wani ma'auni, wani ɗan dako, wani direba. Da yawansu ba sa komawa gida sai bayan lisha, sa'ad da yara suka yi barci. Gobe kuma haka, jibi haka.

A da ba haka zaman yake ba. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jikin gona. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarinta a shekarun 1960, ya ga ana noma gonakinta kowace shekara ba a barinsu su huta, sai dai a yi ta kai musu taki, har da wanda jakuna ke ɗaukowa cikin mangala daga birni. Irin wannan noma yana bukatar hannu da yawa, shi ya sa aka riƙe gandu. Uba da 'ya'yansa, har da masu aure, suna fita gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Uba ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro aure, shi ke yanka masa gayauna ya noma wa kansa. A bakin kunya yaro yake koyon riƙon fartanya, a nan kuma yake jin labarin kakanninsa da iyakar gonarsu da wanda suke zumunci da shi. Babu wanda ya taɓa sa ranar zama da iyali, domin aikin da kansa ya haɗa su.

Sannu a hankali abin ya sassauta. Gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado. Shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 ya kai yara aji da safe. Kasuwa da birni suka janye samari. Yanzu kuma ga wayar hannu, wadda kan sa mutum biyar su zauna a tabarma ɗaya kowa na wata duniya dabam. Ba duka wannan ne sharri ba, gama ilmi alheri ne, neman halal kuwa wajibi ne. Amma abin da gandu yake bayarwa kyauta, watau sabo tsakanin uba da ɗa da tsakanin wa da ƙane, ya tafi, ba a kuwa kawo madadinsa ba.

To, mene ne hukuncin magidancin da aka ambata a farko? Lalle ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibi ne, wanda ya yi su yana da lada babba. Sai dai malamai ba su taɓa tsayar da haƙƙin iyali a nan ba. Sun haɗa da kyakkyawan zama da mata, da tarbiyyar 'ya'ya, waɗannan kuwa ba a aika yaro ya kai su gida kamar cefane. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa cikin tufafi marasa kyau, ta shaida masa mijinta ya juya wa duniya baya. Salmanu ya sa shi ya karya azumin nafila, ya hana shi tsayuwar dare sai a ƙarshensa, ya tuna masa cewa iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. In nafilar azumi da ta salla ba su zama uzurin barin iyali ba, ina ga cinikin buhun wake?

Tun da yake ba za a koma gandu ba, ba kuwa za a rufe kasuwa ba, abin da ya rage shi ne a yanke lokaci da gangan, a kiyaye shi kamar yadda ake kiyaye alkawarin abokin ciniki. Yanke rana guda a mako yana da asali. Abdullahi ɗan Mas'udu ya kasance yana yi wa mutane wa'azi kowace Alhamis. Da aka roƙe shi ya mai da shi kullum sai ya ƙi, don kada su ƙosa, ya kuma kafa hujja da yadda Annabi yake zaɓar musu lokaci. Matan Madina sun koka cewa maza sun rinjaye su wajen Annabi, sai ya ware musu ranarsu. Shi kansa yakan tafi Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Hikimar a fili take: kullum yana da nauyi, wata-wata ya yi nisa, amma mako gwargwadon ƙarfin ɗan Adam ne.

Mutumin karkara ba sai ya ƙirƙiro baƙon abu ba. Makarantun allo suna hutu Alhamis da Jumma'a, saboda haka daren Jumma'a yara na gida. Maigida ya baro kasuwa da la'asar a wannan rana, ya bar ciyayyar ƙofar gida na dare ɗaya, a shigo da akushinsa tsakar gida. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun koka suna ci ba sa ƙoshi, aka gano kowa shi kaɗai yake ci, aka umurce su su haɗu a kan abinci su ambaci sunan Allah. Bayan an ci, kowane yaro ya biya allonsa ko ya faɗi abin da ya koyo, mata da maza, ba a tsallake kowa ba. Kaka ta yi tatsuniya, uba ya ba da tarihin gida. A ajiye wayoyi, tun daga ta maigida. Wanshekare a tafi masallaci tare, a biya gidan gwaggo ko kawu a dawowa, domin zumunci a ƙafa yake. Da damina kuwa, hantsin Asabar a 'yar gonar da ta rage ya isa ya dawo da wani abu na gandu.

Wani zai ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Watau yawan zama da yara yana jawo raini. Amma ai Annabi ya fi kowa kwarjini, ya kuwa yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu, ya yi tsere da Nana A'isha, yana kuma taya iyalinsa aikin gida. Uban da ba a ganinsa sai ranar bulala tsoronsa ake ji, yaron da ke tsoro kuwa ɓoye damuwarsa yake yi, ya kai ta wurin abokan banza. Alkunya tsakanin uba da ɗan fari al'ada ce mai kyau, amma ba ta hana a zauna wuri ɗaya.

Wani kuma zai ji tsoron bidi'a. Muddin ba a ƙudurta cewa ranar tana da wata lada ta musamman da shari'a ba ta faɗa ba, wannan tsarin gida ne kawai, kamar sa lokacin darasi. In Alhamis ba ta yiwu ba, a ɗauki Lahadi.

Uzurin da ya fi nauyi shi ne na ɗan dako da ire-irensa, waɗanda sai sun fita za a ɗora tukunya, balle da kaka sa'ad da motoci ke layi. Shari'a ba ta ɗora wa kowa abin da ba ya iyawa, ba a kuwa ce ya bar yini guda ba. Sa'a ɗaya tsakanin magariba da lisha ta wadatar, in dai ba a fasa ba, gama aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Abin mamaki ma, sau da yawa mai sito da motoci ya fi talaka ƙarancin zama a gida.

A gidan da ke da mata biyu ko uku, rabon kwana yana ba kowace mace haƙƙinta, amma ba ya haɗa 'ya'yan ɗakuna. In uba bai tara su a gabansa ba, kowa zai tashi da labarin ɗakinsu kawai, 'yan ubanci ya yi saiwa. Ranar da ya kwanta dama, 'yar gonar da aka bari, wadda yanzu masu gina sito ke zawarcinta da kuɗi masu yawa, ita za ta kai su gaban alƙali, su tsaya kamar baƙi. Dukiyar da aka bar iyali don a tara musu ita ce takan raba su.

Amsar tambaya ke nan: mai ciyarwa ya sauke wani sashi na nauyi, saura na nan a wuyansa, za a kuwa tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo. Allah ya shiryi zuriya, ya sa albarka a nema, ya haɗa kawunan iyalai a kan alheri, amin.