Haƙorin Ƙurya: A Cire Ko A Bari?

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuwa in nasa sun cika 32 ne. Huɗu daga cikinsu, watau turamen da ke can ƙuryar baki, biyu sama biyu ƙasa, ba sa fitowa sai tsakanin shekara 17 da 25. Don haka ne Turawa ke kiransu haƙoran hankali. Sau da yawa sukan tarar muƙamuƙi ya riga ya cika, babu masauki. Sai haƙorin ya karkace ya tokari maƙwabcinsa, ko ya leƙo rabi, ko kuwa ya kwanta cikin ƙashi.

In dasashi ya yi ta kumbura yana mugunya, ko haƙorin ya ruɓe, ko ya ɓata na kusa da shi, to, babu gardama, likitoci sun haɗu a kan a cire shi. Inda magana take shi ne haƙorin da ya maƙale amma yana zaune lafiya, ba a ma san da shi ba sai da aka ɗauki hoton baki. Shin daidai ne a yanka mai lafiya yau, don gudun cutar da watakila ta zo, watakila ba ta zo ba?

Masu cewa a cire sun ce rigakafi ya fi magani. Saiwar haƙorin saurayi ba ta gama kafuwa ba, ƙashinsa bai yi tauri ba, rauninsa kuma yana saurin warkewa. In aka bari sai girma ya zo, aikin ya fi wuya. Maigida mai hankali, in ji su, ba ya jiran damina ta kayar masa da katangar da ta karkata. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi a Amurka, inda akan cire wa matasa da yawa waɗannan haƙora tun ba su yi ciwo ba.

Masu cewa a bari kuwa sun ce alƙali ba ya ɗaure mutum saboda satar da ake zaton zai yi baɗi. Cirewa tana da nata hasara: kumburi, da zub da jini, da kuɗi, da kwanakin da ba a fita aiki. Wani lokaci ramin yakan daɗe yana zogi. Akwai kuma jijiyoyi kusa da haƙoran ƙasa, in aka taɓa su leɓe ko harshe yakan mutu na ɗan lokaci, jefi-jefi ma ba ya komawa daidai. A shekarar 2000 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawara kada a cire irin wannan haƙori in ba shi da cuta. A 2020 masanan Cochrane suka auna binciken da aka yi, suka ce hujja ba ta isa a yanke wa kowa hukunci ɗaya ba.

To, tun da ilmi bai raba gardama ba, nauyi ya koma kan mutum biyu. Likita amana aka ba shi. Wajibi ne ya bayyana hatsarin cirewa da na bari, gwargwadon yadda haƙorin ya kwanta da shekarun mai shi, kada ladan aiki ya karkata masa harshe. Mai haƙori kuma shi zai sha zafin, saboda haka yardarsa ita ce ƙarshe.

Amma fa sai ya binciki zuciyarsa. Wanda ya ƙi cirewa don tsoron allura, alhali haƙorin yana kumbura masa baki, ya ci amanar jikinsa. Wanda kuma ya matsa a cire lafiyayye don fargaba kawai, ya sayi wahala da kuɗinsa. Wanda ya zaɓi bari ya ɗauki alkawarin tsaro: ya riƙa wanke ƙuryar bakin sosai, ya riƙa kai kansa a duba, in ciwo ya taso kuma ya nufi asibiti, ba wurin mai cire haƙori a kasuwa ba. Da wannan sharaɗi ne haƙurinsa zai zama hankali.